Akwatin Naira da Tandar Tsakar Gida

Da sunan Allah. Ni Tanimu ɗan Lawali, mutumin Tasawa, mazaunin Gamkalley a Yamai, nake rubuta wannan da hannuna, a watan Nuwamba na 1984. Hankalina ɗaya ne, bai rabu ba. Ƙafafu ne suka kumbura, numfashi kuma ya gajarce, amma kai yana nan, har ya yi mini yawa, don ya hana ni zama wuri guda. Tun safe na sa an mayar da tabarmata daga ɗaki zuwa gindin mangwaro, daga can zuwa zaure, ko'ina ban sami daɗi ba. Lokotoron asibiti ya ce in huta. Na gane abin da yake nufi.

Zuwa gare ku, Isaka da Tabawa, ƴaƴana biyu da kuka daina gaisawa tun azumi. Kuna tsammani ban lura ba. Mara lafiya ba shi da aikin da ya wuce sauraron takun mutanen gida.

Na ɗaya. Akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gadona, wanda kai Isaka kake kallo duk lokacin da ka shigo duba ni, cike yake da naira. Ba ka yi kuskure ba. Sai dai tsohuwar naira ce, wadda sojojin Najeriya suka sake wa launi a watan Afrilu, suka rufe iyaka, suka ba da kwana goma sha biyu a canza. Na je har Ƙonni na zauna kwana tara ina kallon shinge. Na dawo da ita kamar yadda na tafi da ita, na gaya muku ciniki ya yi kyau. Ƙarya na yi. Shekara ashirin da biyu ina canjin kuɗi, ina koya wa yara kada su bar kuɗin wata ƙasa ya kwana a hannunsu, ni kuwa na tara nawa wata bakwai saboda ina son ta. Ina son nauyinta a aljihu. Abin da ke cikin akwatin nan yanzu takarda ce mai hoto. Ku hura wuta da ita, tana kamawa da kyau, na gwada.

Na biyu. Tsakar gida, daga bakin randa zuwa katangar maƙwabta, inda tanda take, ba za a sayar ba, ba za a ja mata katanga ba. Isaka, na san ka kawo wani mutum ranar Talata ya auna wurin da taku, yana yi kamar yana neman akuyarsa. Kana so ka sayar ka sami jarin canji. Wurin nan shi ke ciyar da ƙanwarka da ƴaƴanta uku tun rasuwar mijinta, kuma tun Afrilu shi ke ciyar da ni da kai. Tuwon da ka ci jiya daga tandar ya fito, ko da ba a cikinta aka dafa shi ba.

Bari in faɗi asalin tandar, don ku san ba daga sama ta faɗo ba. Ina saurayi na yi kuku a Maraɗi, gidan wani Bature mai sayen gyaɗa. Matarsa ƴar Ingila ce, ba ta jin Hausa, Faransancinta kuma ya fi nawa muni, sai muka koyi juna da hannu. Ita ta nuna mini wannan gato, ɗan burodi mai zaƙi, da suke kira sukon. Ranar farko na murza ƙullun kamar na burodi, da ƙarfina duka, ina neman yabo. Abin da ya fito daga wuta ko kare bai ɗauka ba. Ta kama hannuwana ta tsoma a ruwan sanyi, ta nuna mini kan yatsu kawai. Uwarku Hamsatu, Allah Ya jiƙanta, ita ta ce a gwada da dabino lokacin da zabibi ya yi tsada, ita kuma ta sa maƙeri ya yanka mana ganga ta zama tanda.

Na uku. Tanda da farantanta da gwangwanin yanka na Tabawa ne. Ta riga ta fi ni iyawa, amma ina rubuta yadda ake yi saboda wani, zai san kansa. Garin alkama kofi huɗu, garin kumburi na ƴar takarda guda biyu, gishiri kaɗan, sukari cokali uku. Man shanu ya kwana a gindin randa ya yi sanyi. A murtsuka shi cikin garin da kan yatsu har ya zama kamar dambu. A zuba dabinon da aka cire wa ƙwallo aka yayyanka, sai nono, a haɗa sau biyu ko uku a bari, ko da ya yi kamar bai haɗu ba. Kauri yatsa biyu. A danna gwangwani a ɗaga, ba a murɗawa. Wuta mai ƙarfi, minti goma sha biyar, ba a buɗewa a leƙa. Bana da gero ya ƙi, garin alkama da madarar gari na taimako sun shigo gidajen da ba su san yadda za su yi da su ba. Tabawa, duk matar da ta zo tambaya, ki koya mata, kada ki ɓoye. Ma'aikatan ofis da ke saye a wurinki ba za su gudu ba.

Na huɗu. Bencina da inuwata a kasuwar Wadata na Isaka ne. Na faɗa wa Sumana, wanda muke zama kusa da juna tun kafin babbar kasuwa ta ƙone, zai tsare maka wurin. Amma da sharaɗi. Ba za ka zauna ba sai ka yi safiya arba'in a gaban tanda ƙarƙashin ƙanwarka, kai ke murtsukawa, kai ke fitarwa, kai ke ɗaukar tire zuwa bakin ofisoshi. Rabin ribar kwanakin nan shi ne jarinka, ba wani. Na san za ka ce kai ɗan boko ne mai takardar lekwal, me ya haɗa ka da ƙullu. Ɗana, hannunka yana da zafi. Kana matsa abu har ya mutu, kana buɗe murfi kafin lokaci, idan lokacin ya yi kuma sai ka tsaya jiran ƙari. Wurina ka gado. Gara ka ƙona gari kofi huɗu da ka ƙona gida.

In ka zauna kan bencin, ga abin da na sani, bai da yawa. Farashi biyu ne, na saye da na sayarwa, abincinka yana tsakaninsu, siriri ne, kada ka raina shi. Kafin ka buɗe jaka, je tasha ka sha shayi da direbobin da suka kwana Gaya ko Ƙonni, su suka san nawa naira ta tashi, rediyo sai daga baya yake ji. Canji hannu da hannu ne, a zama ɗaya, haka malamai suka ce, kuma duk wanda ya ce zai kawo nasa gobe, ka gaishe shi ka bar shi. Taɓa kowace takarda, kada ka yarda da ta saman dami. Kafin magariba ka mayar da abin da ke hannunka sefa, ko da ribar dala ce. Kashi ɗaya cikin uku kuma ka mayar da shi hatsi, na gida kawai, kada ka tara har soja su zo su ce kana ɓoyewa. Yanzu da iyaka ke rufe, za su zo maka da maganar hanyar daji da riba ninki biyu. Biyu daga cikin abokan zamana sun bi ta. Ɗaya yana kaso, ɗaya ba mu ji labarinsa ba.

Na biyar. Rediyo na Tabawa, agogo na Isaka, tufafina a kai wa mutanen da fari ya koro suke zaune bayan gari. Sauran abin da ya rage, Malam Abdou liman ya raba yadda Allah Ya ce. Ba zai ɗau lokaci ba.

Kakata da ta raine ni da tatsuniya takan tsaya a tsakiyar labari ta ce barci take ji, mu ƙarasa da kanmu gobe. Muna jin haushinta ƙwarai. Yau na fahimce ta. Kogi ya janye har yara na tsallaka wasu wurare da ƙafa, ban san ko zan ga dawowarsa ba, kuma ban san ko za ku bi abin da na rubuta ba. Wannan shi ke tayar da ni zaune.

Na yafe muku, ku yafe mini, musamman ƙaryar Afrilu. Allah Ya yi muku albarka, Ya raya zuri'arku, Ya ba ƙasar nan ruwa. Isaka, kai ne babba, kai za ka fara gaisuwa. Tabawa, ki amsa da baki, ba da kai ba. Gashin farko na yayanki zai ƙone, na tabbata. Kada a ba kaji. Ku shimfiɗa tabarma ɗaya, ku kira yara, ku cinye shi duka tare. Na yarda ki yi dariya, amma sau ɗaya.

Mahaifinku,
Tanimu Lawali