Jarkar da ke Saman Motar Hatsi

Zuwa ga Shugaban Garejin Ƙungiyar Manoma, Damagaram.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya cikin inuwar ofishinka. Ni ne Mamman Sani, mutumin Gangara, wanda ya tuƙa a-kori-kurar ƙungiya shekara tara tsakanin Tanut da Belbeji, har ranar da takardarka ta sa aka karɓe makulli daga hannuna. Ka rubuta cewa ina sayar da gazuwal, wato man dizal ɗin motar, ina cika tanki da kananzir, wai shi ya sa mota ta rasa ƙarfi. A gaban jama'a aka karanta ta, don haka a gaban jama'a zan amsa.

Na farko, sau uku ina kawo maka motar nan. Na gaya maka in babu kaya lafiya lau take, amma in ta ɗauki buhu goma sha biyu na hatsi, ta shiga rairayin kwarin Tarka da rana tsaka, sai ta shaƙe, ta yi tari, ta mutu. Kai kuwa da sanyin safiya ka tayar da ita, ba ko buhu ɗaya, ka zagaya kan kwalta, ka ce ƙalau take. Haba Shugaba! Wa ke gwada ƙarfin jaki ba tare da ya ɗora masa kaya ba?

Na biyu, ma'aunin ƙarfin famfon mai yana rataye a bangon garejinka, gizo-gizo ya yi masa riga. Ba ka sauko da shi ba. Yatsa ka tsoma cikin tanki, ka sansana, ka yamutsa fuska, ka yanke hukunci. Ashe duk shekarun da ka yi a makaranta, sansane ka koyo.

Na uku, ga abin da jahilin direba ya yi ranar da motar ta mace masa a Tarka. Na kwance bututu, na matsa famfo da hannu, sai ga mai yana ɗiga da kumfa. Na zuƙo man tankin nan, wanda hancinka ya ce kananzir ne, na cika jarka, na ɗaure ta saman mota, na ja tiyo kai tsaye zuwa babban famfo. Ta tashi, ta haye rairayi da kayanta har Belbeji. Man bai canja ba, hanyarsa ce ta canja. Ƙaramin famfon da ke jawo mai daga tanki ne robarsa ta gaji, ba ya turawa. Da na faɗa maka, dariya ka yi, ka kira shi gyaran ƙauye.

Yanzu a Gangara Mai Kananzir ake ce mini. A shekarar fari irin wannan, ana cewa ni ne na hana hatsi isa ga masu yunwa. Tsohuwata ta daina fita suna da biki. Wallahi wannan ya fi rashin aikin ciwo a raina.

Roƙona biyu ne. Ka kakkaɓe ma'aunin nan, ka zo Tarka da azahar, a ɗora buhunan, ka auna da idonka. Sannan ka janye takardarka, a karanta janyewar a inda aka karanta ƙazafin.

Kafin ka zo, ka sani sabon direban da ka zaɓa da kanka ya yi sallama a gidana shekaranjiya, kansa a ƙasa. Motar ta mace masa a Tarka ɗin nan dai, kuma aron jarka da tiyo ya zo yi. Na ba shi, ba don kai ba, don mutanen Belbeji. In ka ga motarka ta shigo gareji da shuɗiyar jarka a kai, ta ɓarawon ce.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa idonka ya kama aikin da ka bar wa hanci.

Wassalam.
Mamman Sani, Gangara.