Ƙarin da Ke Bayan Dubura

Plovdiv, watan Maris

Zuwa ga matata Ginka,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da tsohuwar da kike jinya a can Italiya. Ya ƙafarki?

Ginka, ciwon nan da ke hana ni zama a kujerar bas ba basur ba ne. An sa ni cikin na'urar ɗaukar hoto, aka ga ƙari kamar ƙwan agwagwa tsakanin dubura da ƙarshen ƙashin baya. Likita Karagyozova ta ce ba kasafai ake ganin irinsa ba, wataƙila ma da shi aka haife ni. Na tambaye ta ko cutar kansa ce. Ta ce galibi ba ita ba ce, amma ba za ta tsira masa allura ba, kada ya fashe a ciki. Sai an ciro shi dungurungum za a sani. Tun ranar abinci ba ya wuce mini.

Mijinki,
Stoyko

Plovdiv, watan Afrilu

Ginka tawa,

Ina gaishe ki, ina fatan kina samun barci. Gobe za a shiga da ni ɗakin tiyata. Likita ba ta ɓoye mini komai ba: jijiyoyin da ke riƙe fitsari da bayan gida a manne suke da ƙarin. In wuƙa ta taɓa su, sai dai in ƙare rayuwata da ƙunzugu. Na daɗe riƙe da biro kafin in sa hannu.

Maƙwabcin gadona, wani tsoho da ake kira Bai Dimcho, sai tsiya yake mini: "Kai direba, kowa ciwonsa a gaba, kai naka ya laɓe a baya!" Na yi dariya. Ba mutuwa nake tsoro ba, Ginka. Ina tsoron ki gama wanke tsohuwar wasu, ki dawo gida ki tarar da wani wankin.

Naki,
Stoyko

Plovdiv, watan Afrilu

Ginka,

Gaisuwa daga wanda ke rubutu a rub da ciki. 'Yarmu Nevena ta gaya miki an gama, ga sauran labarin. An ciro shi bai fashe ba, an haɗa da ɗan guntun ƙashi. Sakamako ya fito: ba kansa ba ce.

Da aka cire mini robar fitsari, sai na kwanta ina jira, ko jikin zai yi mini magana ko ya yi shiru. Har azahar ba komai. Can sai na ji matsi. Na riƙe. Na dafa bango na kai kaina ban ɗaki, ban zubar da ko ɗigo ba a hanya. Na kulle ƙofa na yi ta kuka kamar yaro, har Bai Dimcho ya buga ƙofar da sandarsa yana cewa, "Fito haka nan, ɗan'uwa, mu ma muna da mafitsara!"

Ki gaida tsohuwarki. Ki ce mata ta ara mini ke mako biyu.

Mijinki mai ƙaunarki,
Stoyko