Takalmin da na hana ka, Sada

Zuwa ga aminina Malam Sada,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya zaman Fatakwal? A fili nake rubuto maka, don in na kira ka zolaya za mu yi har a ajiye waya ban faɗa ba.

Ka tuna ranar da ka zo rumfata a kasuwar Kankiya gwada takalmi? Ka san ni, ƙafar mutum nake fara kallo kafin fuskarsa. Na ɗaga diddigenka, na ga baƙin tabo mai karkataccen baki. Ka ce ƙaya ce ta soke ka a gonarka ta Bauranya. Na ƙwace takalmin, na ce sai na ga takardar asibiti. Ka kira ni ɗan bani-na-iya, amma ka je.

Aka yanke, aka auna, aka ce sankarar fata ce, sai dai ba ta shiga jijiyar jini ba. Ka dawo kana ɗingishi kana dariya.

To ga abin da ban gaya maka ba. Ranar nan, irin tabon yana tafin ƙafata, cikin safa. Ni mai wayo, na ce bari a gwada a kanka tukuna. Da na ga tafiyarka sai na ce, mai takalma da ɗingishi, wa zai saya? Damina biyu na ƙara ban je asibiti ba.

Yanzu an yanke nawa. Likita ta ce ciwonmu iri ɗaya ne, amma naka a gida aka ritsa shi, nawa sun gan shi cikin jijiyar jini, wato ya hau titi, yana iya sauka a huhu ko hanta. Ba ta yanke mini hukunci ba. Sai dai hoto bayan hoto.

Wallahi Sada ina kishinka. Na gan ka a waya ɗauke da jikarka, na kife wayar. Idon nan nawa ya yi maka aiki, ni ya bar ni. Ɗingishin da na raina, shi nake roƙo yau.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya cire mini wannan abu daga ƙirji da jini.

Takalmin yana nan, ban sayar ba. Ka zo tun ina iya durƙusawa in saka maka.

Naka,
Lawal mai takalma