Rasuwar Koci Mansur Fontenelle da Dalilin Jinkirta Jana'izarsa

Cikin alhini mai nauyi da sallamawa ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Zumuntar Hausawa Mazauna Doha, a ƙarƙashin jagorancin Shugabanta, Alhaji Dakta Sunusi Garzali, ta samu labarin rasuwar surukinmu kuma ɗan'uwanmu, Malam Mansur Eustace Fontenelle, wanda yara da manya suka fi sani da Koci Mansur. Allah Ya karɓi ransa da safiyar Litinin ɗin da ta gabata yana da shekara talatin da tara, bayan ya yanke jiki ya faɗi a filin da yake horar da ɗalibansa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya bar matarsa, Hajiya Safiyyatu, ma'aikaciyar jinya 'yar asalin Gumel, da 'yarsu Jannat, da kuma mahaifiyarsa, Madam Verna Fontenelle, can a tsibirin Saint Lucia da ke yankin Caribbean.

Da yawanmu mun san shi malami ne kawai, ba mu san irin gwagwarmayar da ya sha a fagen dogon tsalle ba, wasan nan da ake kwasowa da gudu a taka katako a dira cikin yashi. A bakin teku ya koya, ƙafa ba takalmi, a bayan rumfar da mahaifiyarsa ke sayar da kifi, ita ce kuma take share masa yashin da tsintsiya don kada ɓawon kifi ya yanke shi. Tun yana sakandare ya fara wakiltar ƙasarsa a gasar matasan tsibiran, daga nan ya shafe shekara goma sha biyu yana sanye da rigar ƙasar, ya ciyo mata azurfa sau biyu da tagulla sau ɗaya a gasar yankin. Zinare kam, Allah bai rubuta masa ba. A ranar da ya yi tsalle mafi nisa a rayuwarsa, ya haura mita takwas filin ya kaure da sowa, sai alƙali ya ɗaga jar tuta domin ɗan yatsansa ya ɗan haye layin katakon. Ya je ya duba shatin takalminsa da idonsa, ya miƙa wa alƙalin hannu, ya koma ya zauna.

Bayan haka agararsa ta tsinke ana tsakiyar atisaye, likitoci suka ce masa wasa ya ƙare. Marigayin kuwa taurin kai gare shi, kuma mu da muka zauna da shi mun shaida hakan. Ya yi jinya, ya dawo yana ɗan ɗingishi, ya sake shiga gasa ta ƙarshe a gaban mutanen garinsu ya zo na huɗu, sannan ya rataye takalmi da kansa. A shekarar 2003 aiki ya kawo shi Doha a matsayin mai horarwa, a nan ya karɓi Musulunci, a nan kuma muka ba shi aure. 'Yan'uwanmu direbobin tipa da ke aiki a Lusail su suka zuba masa yashi a wani fili a Al Thumama, inda duk safiyar Juma'a yake tara 'ya'yanmu, na likita da na mai gadi a layi ɗaya, yana yi musu yalla yalla irin ta Larabawa, wato maza maza, haɗe da gurguwar Hausarsa, su kuma suna kwaikwayonsa yana dariya. Wallahi mun yi babban rashi, kuma zukatanmu sun karaya.

Ƙungiya na sane da cewa har zuwa yau Laraba ba a yi jana'iza ba, tana kuma sane da maganganun da ke yawo a ɗakunan unguwar Najma da ƙofar masallaci. Mun tashi mun ga ana gaggauta kai mamaci makwancinsa, wanda ya rasu da safe ba ya kai la'asar, kuma ba mu raina wannan tarbiyya ba. To amma mahaifiyar marigayin tsohuwa ce da ta haura saba'in, shi kaɗai ta haifa, rabonta da shi tun kafin aurensa, kuma sai ta hau jirgi uku kafin ta iso nan. Da Shugaba ya kira ta don yi mata gaisuwa, ba ta yi jayayya kan addininsa ba, ba ta ce a kai mata gawa gida ba. Abu ɗaya ta roƙa tana kuka, kada a rufe fuskar ɗanta sai ta gani. Kwamitin Zartarwa ya zauna da Limaminmu, Sheikh Malam Bawah Adamu, wanda ya bayyana cewa jiran makusanci irin wannan ya halatta matuƙar gawa na adane babu abin da zai taɓa ta, kuma tana adane a asibiti.

Saboda haka muna kira, da babbar murya, ga masu buga wa Hajiya Safiyyatu waya suna ce mata ta ɗauki alhakin mijinta, da su ji tsoron Allah su daina. Haba jama'a! Matar da ke cikin takaba, ko abinci ba ta iya haɗiya, ita za a ɗora wa wannan? Shawarar jinkirin ta ƙungiya ce, duk mai ƙorafi ya zo ya same mu, ya ƙyale baiwar Allah ta ji da abin da ke damunta.

A madadin Shugaba, da Majalisar Dattawa, da Reshen Mata, da ɗaukacin 'ya'yan ƙungiya, muna miƙa ta'aziyyarmu ga Hajiya Safiyyatu, da Jannat, da Madam Verna Fontenelle, da dangi na Gumel da na Saint Lucia, da ɗalibansa baki ɗaya. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Allah Ya ba iyalansa haƙuri da juriya, Ya raya marainiyar da ya bari, mu kuma in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.

Cikin ikon Allah an samu bizar mahaifiyar, ta kuma baro gida, ana sa ran saukarta da safiyar Juma'a. Reshen Mata zai tarbe ta a filin jirgi ya wuce da ita asibiti kai tsaye. Za a yi sallar jana'iza bayan an sauko daga Juma'a a maƙabartar Abu Hamour. Masu wanka za su gama aikinsu a asibitin tun da wuri, su sa masa likkafani, amma an umarce su da su bar ɗaurin kai a kwance, su fito su jira a waje. Idan mahaifiyar ta shiga ganinsa, ba mai ce mata ta yi sauri, kuma ita za ta rufe fuskar da hannunta.

Sa hannu:
Injiniya Baballe Ɗantala,
Sakataren Yaɗa Labarai,
Ƙungiyar Zumuntar Hausawa Mazauna Doha.
Laraba, 14 ga Maris, 2007.