Jar Masarar Baba

Assalamu alaikum, Yaya Sani. Ina gajiya, ina aiki? Ya iyali da yara? Mu nan Dutsi lafiya lau, sai dai gona.

Baƙuwar tsutsar nan ta shiga jar masarar marigayi Baba. Sau biyu na yi feshi, ko gezau, don can cikin zuciyar masarar take ɓuya. Yanzu ni da Inna muke bi tushe-tushe muna zuba toka da yashi, har yatsunta sun tsage. Ga shi duk irin na shuka, ban rage ko ƙwaya ba.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa. Ƙullin irin da Inna ta ba ka ranar tafiyarka, don Allah kada a watsa wa kaji. Shi kaɗai ya rage mana.

Ƙaninka,
Lawal