Takalman ba na Ishaku ba ne

Umbadda, Omdurman
9 ga Rajab

Zuwa ga Iya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da Gogo da yaran gidan duka. Yaya ciwon gwiwar? Ni ƙalau nake, kada ki damu. A rumfar Dogo mai gawayi nake kwana, zazzaɓin kuma ya kusa sakina.

Iya, na je Jabal Awliya, can bakin kogi, inda aka tsinci takalman da aka ce na Yaya Ishaku ne. Masunta sun ce ruwa ya ci shi, kowa kuma ya yarda, don jan takalmin fata ne da ake kira markubu, irin nasa. Amma rabin mazan garin nan irinsa suke sawa! Wata biyu, ba wanda ya juya su ya duba ƙasansu sai ni. Kin san tun da ya faɗo daga amalanken auduga yake jan ƙafar hagu, takalminsa na hagu kullum a cinye yake ta gefe. Waɗannan duka biyun daidai suke.

Wasu sun ce Makka ya wuce. Na ce musu, "Wa ya taɓa tafiya hajji a gidanmu bai bi ɗaki-ɗaki neman gafara ba?"

Gobe zan fara bin asibitocin Khartum, kuma ba zan dawo ba sai da labari. Ki aiko min da hotonsa, ki sa ni a addu'a.

Don Allah kada a sa matarsa Barira takaba. Ban ga gawa ba, Iya, takalmin wani na gani.

Ɗanki,
Muntari