Asabar ɗin da Ban Waiwaya Ba

Ya ke sanyin idona, ruwan farkon damina a kan ƙasar da fari ya tsattsage, inuwar da na tarar bayan rana ta gama gasa ni, Hajiyata, ina gaishe ki da gaisuwar mai laifi. Yaya gwiwar? An ce kin fara takawa da sanda har bakin ƙofa. Telan nan na layin masu zare ne ya gaya mini, tunda ke kin daina ɗaga wayata. Kwana arba'in da uku ke nan ban ji muryarki ba, kuma na san ni na jawo.

Shekara shida, kowace Asabar da ƙarfe tara na safe, muna haɗuwa a gindin agogon tsohon gidan waya, mu ɗebi baƙi mu zagaya da su cikin gari a ƙafa, kyauta, don kawai ƙungiyar 'yan sa-kai ta ce tana neman tsofaffin da suka san unguwanni. Ke kike buɗe taro. Ki duba takalman mutane ɗaya bayan ɗaya kamar yadda kika saba duba masu ciki lokacin da kike ungozoma, ki ce wa mai dogon dunduniya za ta yi kuka kafin kasuwa. Ki gaya musu su riƙe ruwa, kada su ɗauki hoton kowa sai sun tambaya, banɗaki ɗaya ne a hanya kuma ba a yabonsa. Sannan ki ce tafiyar awa biyu ce in Malam ya tashi lafiya, awa uku in ya tuna da ɗakin karatun da aka rushe. Su yi dariya, ni in haɗe rai, alhali a raina ina jin kamar an yayyafa mini raɓa.

Ni a gaba da jar lema a sama, ke a baya kina ƙirga kawuna a kowace kwana. 'Yan ƙungiya suka sa mana suna kai da wutsiya. Dokar kuwa ni na kafa ta, da hannuna na rubuta a takardar horar da sababbi: mai gaba ba ya waiwaye, domin waiwaye yana yanke bayani, mai baya shi ke da alhakin kowa. Na ji daɗin wannan jimla ƙwarai a lokacin. Ban rubuta wanda ke da alhakin mai baya ba. Ni da na yi shekara talatin da ɗaya ina jan layi da jan biro a ƙarƙashin kuskuren ɗalibai!

Me na samu a garin nan in ba ke ba? Na koyar da tarihi har maƙogwarona ya bushe, kuma cikin waɗanda na koyar ne aka samu masu sa hannu a rushe ɗakin karatu a jera shagunan waya. Rabin zagayena nuna wa baƙi nake yi inda abu yake a dā. Nan makaranta take, nan rijiya take, nan wata bishiya take da ta girmi kakana. Su gyaɗa kai, su juya su ɗauki hoton kyanwa a kan katanga. Wasu su sulale a kasuwa ba sallama, ai ba su biya ba, me zai riƙe su? Duk na shanye, domin na san a ƙarshen layin akwai wadda ta ji labarin gadar nan sau ɗari uku kuma har yanzu tana dariya a daidai wurin da ya kamata. Ke ce watan da ke bin matafiyi ba ya gajiya. Ke ce iskar da ke tura kwalekwale, mai tuƙi yana ta yabon hannunsa.

Kin tuna ranar ruwan nan? Baƙi biyu kacal suka zo, su ma suka gudu tun a kwanar farko. Kika ce tunda mun fito, mu ƙarasa. Ranar kaɗai muka jera kafaɗa da kafaɗa a ƙarƙashin lema ɗaya, ruwa na dukan rabin rigata, ban damu ba. Ke kika yi bayani. A wancan benen kika karɓi tagwaye da fitilar hannu a baki. Mai gyaran keken can da ke gaishe ki da rusunawa, a tafin hannunki ya fara kuka. Na gane ni shekarun gine-gine na haddace, ke kuwa mutanen cikinsu kika sani tun ba su da suna. Da muka hau gada kika tsaya kina kallona, ruwa na ɗiga daga gefen mayafinki, maganar ta taso mini har wuya. Sai na buɗe baki na gaya miki shekarar da aka kafa ginshiƙan gadar. Wane irin mutum ne wannan, Hajiya? Wane irin ilimi ne wannan?

Sai waccan Asabar. Mutum ashirin da shida, cikinsu har da wani farfesa mai farin gashi da ke yi mini tambayoyi irin waɗanda na yi shekaru ina jiran wani ya yi. Yana rubuta abin da na faɗa! Kaina ya kumbura, ƙafata ta ƙara sauri. A matakalar layin masu zare gwiwarki ta gurɗe, kika zauna. Tela ya ce sau biyu kika kira ni. Ban ji ba, ina can ina gyara wa farfesa wata shekara. Na kai su gada, aka tafa mini, na juyo in tambaye ki ko mun cika, kamar kullum. Babu ke.

Na dawo da irin gudun da tsoho ke iyawa, na tarar da bencin tela babu kowa, ɗanki ya riga ya zo da mota. Telan bai ko ɗago daga kekensa ba. Ya ce kin fi awa guda a zaune, gwiwa na kumbura, ya nemi lambar wani naki kika daɗe kina hanawa. Kika ce masa, “Ka bari, Malam zai dawo. Bai gama bayanin gada ba ne.” Da zagina kika yi da na fi samun sauƙi. Wannan maganar take ci na kamar gara a cikin katako, daga waje ina nan tsaye, ciki ya zama gari.

'Yan ƙungiya sun ba ni wata malamar makaranta ta riƙe baya. Ba laifinta, tana ƙirga da kyau. Amma ni yanzu taku goma ba na yi sai na waiwaya, bayani ya tsinke, shekaru su rikice mini a baki. Makon jiya na tsaya a gaban kasuwa na rasa abin da zan ce, baƙi suna kallon juna. Shugaban ƙungiya, wanda na koya wa riƙe alli, ya ja ni gefe cikin ladabi ya ce lokaci ya yi da Baba zai huta. Na miƙa masa lemar. Ko zafi ban ji ba, wani zafin ya riga ya cika wurin.

Yanzu an ce ɗanki zai tafi da ke can inda yake aiki a ƙarshen wata, kuma yana da gaskiya, shi da ya zo da aka kira shi. Kwana tara suka rage. To ga maganar da na haɗiye a kan gada: ina son ki, Hajiya, son da ya zo a makare kamar ruwan ƙarshen damina, bayan an gama girbi, amma ya zo da dukan ƙarfinsa. Ranar Alhamis bayan la'asar zan zo da yayana mu nemi aurenki a wurin ɗanki da ƙanen marigayi mahaifinki. Abin da nake da shi ɗaki biyu ne a ƙasa, babu matakala ko ɗaya, da littattafan da ba mai so, da halin da kin fi kowa sani.

Ba na sa rai. Na san amsar da ta dace da ni, kuma da ni ne ɗanki da ita zan bayar. Roƙona ɗaya ne. In a'a ce, kada ki aiko da ita ta bakin kowa. Ki bari a shigo da ni, in zauna a ƙasa kusa da ƙofa, ki faɗa mini da kanki, ki haɗa da duk abin da kika tara a wannan bencin. Zan rufe bakina in saurara har ki gama.

Naki ko kin tafi, naki ko kin ƙi, har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa,

Malam